Ba a Kiwon Kare Ranar Farauta: Furotin da Girman Kwikwiyo a Ƙasar Magarya da Dungas

A kudancin jihar Damagaram, inda gundumomin Magarya da Dungas suka jingina da iyakar Najeriya ta wajen Jigawa da Katsina, kare dabba ce ta aiki, domin shi ke gadin garke a ruga, shi ke kwana a bakin garkar rake da rogo a fadamun Korama, kuma shi ake sa wa gaba idan samari suka fita farautar zomo da kurege da gafiya bayan an kawar da amfanin gona. Waɗannan ayyuka uku, wato tsaron dabbobi da tsaron shuka da farautar neman abinci, su ne malaman mazhabar Malikiyya suka halatta ajiye kare dominsu, kamar yadda duk wanda ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya sani. Sai dai tun daga Washa da Bande har zuwa Malawa da Dogo-Dogo, abincin da kwikwiyo ke tashi da shi kusan iri ɗaya ne: ragowar tuwon dare, da ƙanzon da aka kankare daga gindin tukunya aka jiƙa, da ɗan ƙasari ko dusa, sai kuma abin da ya tsinto da kansa a juji. Wannan abinci yana cika ciki, babban kare ma yakan rayu a kansa shekaru, amma bai kai ga biyan bukatar jikin da ake kan ginawa ba, kuma babban abin da ya gaza a cikinsa shi ne sinadarin da masana ke kira furotin.

Mene ne furotin?

Furotin shi ne sinadarin da jiki ke gina tsoka da fata da gashi da jijiya da jini da shi, har ma da saƙar cikin ƙashi wadda ma'adanai ke zama a kanta su ƙarfafa ta. Da shi ne kuma jiki ke ƙera garkuwar da ke yaƙar cuta da sinadaran da ke narkar da abinci. Ana haɗa shi daga ƙananan ƙwayoyi da ake kira amino asid, waɗanda suka kai iri ashirin, kuma suna jeruwa ne kamar tubali a jikin katanga, kowane iri da gurbinsa. Jikin kare yana iya ƙera kusan rabinsu da kansa, amma akwai guda 10 da ba ya iya ƙerawa yadda za su ishe shi, dole sai dai ya same su daga abinci. Uku daga cikinsu sun fi shafar mai kiwon kare a ƙasar gero, wato laisin, wanda ya yi ƙaranci a cikin hatsi, da metiyonin, wanda ya yi ƙaranci a cikin wake, da tiriftofan, wanda masara ba ta da shi sosai. Idan ɗaya daga cikin goman nan ya gaza, ginin yakan tsaya daidai inda ya ƙare, sauran kuma jiki ya ƙona su a matsayin makamashi, kamar maginin da ya tara ƙasa da ruwa amma azara ta yanke masa.

Abin lura shi ne da karnuka aka fara gano wannan ilimi. A shekarar 1816 wani likita Bafaranshe mai suna François Magendie ya ciyar da karnuka sukari da ruwa kawai a birnin Faris, sai suka rame, idanunsu suka yi gyambo, suka mutu cikin kimanin wata guda, kuma da ya maimaita gwajin da man zaitun da man shanu sakamakon bai sauya ba. Daga nan aka tabbatar cewa abincin da ke ba da ƙarfi kaɗai ba ya riƙe rai. Bayan fiye da shekara ɗari, a 1937, Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya gano cewa ciwon baƙin harshe, wanda ke kama karnukan da aka tsare a kan masara, yana warkewa da sinadarin nayasin, wanda jikin kare ke iya ƙerawa daga tiriftofan idan ya same shi isasshe. Wannan ba ya nufin hatsi bai dace da kare ba, domin wani bincike da masanan Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka jagoranta, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa zaman kare da ɗan Adam na dubban shekaru ya ba shi ikon narkar da dafaffen hatsi fiye da kakansa kyarkeci. Tuwo abincin kare ne na halak, laifinsa kawai shi ne ba ya wadatarwa idan shi kaɗai ne.

Daga nonon uwa zuwa yaye

Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63, kuma kwikwiyon da ta haifa yakan ninka nauyinsa cikin kwana bakwai zuwa goma, alhali jaririn mutum yana ɗaukar kusan wata biyar kafin ya yi haka. Wannan saurin girma shi ya sa nonon karya ya fi na dabbobin gida kauri, domin furotin da ke cikinsa ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari, wato ya ninka na saniya da na akuya, waɗanda ba su wuce kashi 3 da rabi ba, kuma maiƙonsa ma ya ninka nasu. Nonon farko, wanda Hausawa ke kira dakashi, yana ɗauke da garkuwar uwa, kuma hanjin kwikwiyo yana iya shigar da ita cikin jini ne a ranar farko kawai, bayan haka ƙofar ta rufe. Saboda haka kiwon kwikwiyo daga uwarsa yake farawa, tun da karya mai shayarwa, musamman a mako na uku da na huɗu, tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci, kuma idan ba ta samu ba sai ta narkar da tsokar jikinta ta mayar nono, har a ga haƙarƙarinta a waje, daga baya nonon ya ƙafe.

Daga mako na uku zuwa na huɗu kwiyakwiyai kan fara lasar abinci, kuma a nan ne ya dace a fara ba su kunun gero mai ɗan kauri da aka dama da dafaffen ƙwai ko garin busasshen kifi ko kindirmo, su kuwa ci gaba da tsotso har zuwa mako na shida zuwa na takwas. Al'adar raba kwiyakwiyai ga yara da maƙwabta da zarar sun buɗe ido, wato tun suna da mako biyu ko uku, ita ce ke kashe da yawa daga cikinsu, domin an cire su daga abinci mafi dacewa an mayar da su kan farau-farau. Wanda ƙaddara ta sa uwar ta mutu ta bar masa jinjirai yana iya ceton su da nonon akuya ko na saniya da aka tafasa aka bari ya huce, aka kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki don ƙara masa ƙarfi, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan dare da rana. Madarar shanu zalla mai yawa takan sa su gudawa, saboda sukarin da ke cikinta ya fi wanda ke cikin nonon karya, kindirmo da nono mai tsami kuwa sun fi sauƙi a cikinsu, tun da tsamin ya riga ya rage wani ɓangare na sukarin.

Adadin da masana suka ƙayyade

Ana auna furotin ɗin abinci ne bayan an ɗauke ruwan da ke cikinsa, domin ruwa yana ƙara nauyi ba tare da ya ƙara amfani ba. A bisa wannan ma'auni, ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi ta Amurka, AAFCO, ta ƙayyade cewa abincin kwikwiyo da na karya mai ciki ko mai shayarwa kada furotin ɗinsa ya gaza kashi 22.5 cikin ɗari, na babban kare kuwa kashi 18. Ƙungiyar masu sarrafa abincin dabbobin gida ta Turai, FEDIAF, ta raba lokacin girma gida biyu, ta ba kwikwiyon da bai kai mako 14 ba kashi 25, wanda ya wuce haka kuma kashi 20. Waɗannan alƙaluma mafi ƙarancin abin da ake bukata ne, kuma an tsara su bisa zaton cewa furotin ɗin mai kyau ne, mai saurin narkewa. Inda mafi yawansa daga tsiro ya fito, kamar yadda yake a ƙauyukan Magarya da Dungas, hankali ya fi kwanciya idan aka ɗan haura su.

Dalilin da ya sa ƙarami ya fi babba bukata a bayyane yake, domin babban kare gyara kawai yake yi wa abin da ya lalace a jikinsa, shi kuwa kwikwiyo gyara yake yi yana kuma ƙara sabon gini kowace rana. Kare mai matsakaicin jiki, irin wanda aka saba gani a ƙasar Hausa, yakan kai rabin nauyin girmansa yana da wata huɗu zuwa biyar, ya kammala girma wajen shekara guda, manyan nau'o'in ƙasashen waje kuma sukan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan watanni shida na farko su ne ke yanke tsawon ƙafa da faɗin ƙirji da ƙarfin garkuwar da kare zai rayu da su, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci ba kasafai ake mayar da shi duka ba, ko da an wadata shi da nama daga baya.

Lissafin tuwo

Garin gero yana da furotin kimanin kashi 11 cikin ɗari, dawa kusan haka, masara kimanin kashi 9, garin rogo kuwa bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Dawa tana da wata matsala ta daban, domin furotin ɗinta yana ƙara wuyar narkewa idan an dafa ta da ruwa, shi ya sa gero ya fi ta dacewa da ƙaramin kare. Idan aka ɗauki misalin kwikwiyo ɗan wata uku mai nauyin kilo 5, zai bukaci makamashi kimanin kalori 650 zuwa 700 a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, tare da furotin giram 35 zuwa 40. Idan gero kaɗai zai ba shi wannan ƙarfi, sai ya ci abin da ya kai giram 190 na gari, wanda furotin ɗinsa bai wuce giram 21 ba, wato ɗan sama da rabin bukatarsa, kuma wannan rabin ma laisin ya yi masa ƙaranci. Bugu da ƙari, da zarar an tuƙa garin ya zama tuwo sai ya sha ruwa ya ninka nauyinsa sau uku ko huɗu, ta yadda cikin kwikwiyon kan cika tun bai kai ga cinye rabonsa ba.

Sakamakon wannan giɓi abu ne da kowa ya taɓa gani a bakin zaure, ko da bai san sunansa ba. Kwikwiyo ne mai babban kai da tulun ciki, ƙafafunsa sirara, ƙashin bayansa da na ƙugunsa sun fito, gashinsa ya bushe ya dushe yana zuba, gyambon da ƙuda ya yi masa a kunne ya ƙi warkewa, kuma maimakon ya yi kokawa da 'yan'uwansa sai ya nemi gindin randa ya kwanta. Masu gida sukan ɗauki tulun cikin nan a matsayin ƙoshi, alhali galibi tsutsa ce da iska da raunin tsokar ciki. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce a shafa haƙarƙarinsa da bayansa: lafiyayyen kwikwiyo ana jin haƙarƙarinsa a ƙarƙashin hannu amma ba a ƙirga shi da ido daga nesa, kuma akwai tsoka cike a gefen ƙashin bayansa da cinyoyinsa.

Abin da kasuwar ƙauye ke da shi

Giɓin giram 14 zuwa 19 da ya rage a misalin da ya gabata bai kai yadda ake tsoro ba, domin ƙwai uku sun kusa cike shi, tun da kowane ƙwai yana da kimanin giram 6, haka ma giram 30 na busasshen kifi, ko giram 80 na nama ko kayan ciki. Kayan ciki irin su huhu da tumbi da saifa da hanji, da guntayen da mahauci ke sharewa daga kan teburinsa idan kasuwa ta watse, furotin ɗinsu bai yi nisa da na tsoka ba, kuma sun fi ta araha nesa ba kusa ba. Ganda da jijiya ba su kai su ba, saboda irin furotin ɗinsu ba shi da tiriftofan. Ɓarɓashin da ke taruwa a gindin buhun mai sayar da busasshen kifi, da kawunan da ake yarwa, idan aka daka su suka yi laushi, suna daga cikin mafi amfanin abin da za a barbaɗa wa kwikwiyo a tuwo, domin fiye da rabin nauyinsu furotin ne, kuma ƙayar da ta daku tana ba da ma'adanan ƙashi. Fara, wadda mutanen Damagaram suka sani ƙwarai a matsayin abin ci da abin sayarwa, ita ma busasshiyarta kusan rabin nauyinta furotin ne, sai dai a cire mata ƙafafu da fukafukai, a ba da wadda ba a sa wa yaji da gishiri ba, kuma a guji wadda aka kamo daga gonar da aka yi wa feshi.

Daga ɓangaren tsiro, wake shi ne abokin gero na asali, a gona da kuma a tukunya, domin yana da furotin kashi 23 zuwa 25 cikin ɗari, kuma laisin ɗin da gero ya rasa yana da shi, metiyonin ɗin da shi ya rasa kuma gero yana da ɗan rabonsa. Sharaɗinsa shi ne a jiƙa shi, a surfe, a dafa har ya farfashe a dama shi, saboda ɗanyen wake da wanda bai nuna ba suna ɗauke da sinadaran da ke hana narkewar abinci, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na abincin don gudun kumburin ciki. Awara ma haka take, tun da waken suya ya fi kowane wake furotin. Gyada kuwa, wadda ta ɗaukaka sunan Magarya a kasuwancin zamanin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai, ta bar wa matan yankin sana'ar matsar mai, kuma tunkuza da ƙuliƙulin da ke fitowa daga wannan sana'a furotin ɗinsu ya haura kashi 40 cikin ɗari, ko da yake ita ma laisin ɗinta kaɗan ne, don haka ƙari ce a kan kifi ko nama, ba madadinsu ba.

Idan aka auna da nauyi aka raba abincin gida 20, aka sa garin gero 11, wake 4, ƙuliƙuli marar yaji 2, dakakken busasshen kifi 3, furotin ɗin haɗin zai kai kimanin kashi 24 cikin ɗari, wato ya ninka na tuwo zalla. Ana ƙara masa ɗan man gyada ko kitse, domin idan makamashi ya gaza jiki yakan ƙona furotin ɗin maimakon ya yi gini da shi, da ɗan dafaffen ganye kamar zogale ko kabewa, da 'yar hanta sau ɗaya ko biyu a mako. Wannan misali ne na yadda ake lissafi, kowane gida kuma zai sauya shi gwargwadon abin da ke hannu da lokacin shekara. Kwikwiyon da bai kai wata uku ba ana raba masa abincinsa sau huɗu a rana, daga nan zuwa wata shida sau uku, bayan haka sau biyu, tare da ruwa mai tsabta a inuwa, musamman a bazara lokacin da zafi ke rage wa dabba cin abinci.

Nama zalla da sha'anin ƙashi

Akwai kuskure na biyu da ya saɓa wa na tuwo zalla, wanda aka fi samu wurin mafarauci mai son karensa ko mahaucin da nama bai yi masa wuya ba, wato tsare kwikwiyo a kan tsoka da hanta kaɗai. Nama yana da sinadarin fosfaras mai yawa amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, alhali ƙashi yana bukatar su biyun kusan daidai wa daida, kalsiyam ya ɗan fi. Idan abinci bai kawo kalsiyam ba sai jiki ya riƙa zarar na cikin ƙashi, har ƙafafu su lanƙwashe, kwikwiyo ya riƙa ɗingishi, wani lokaci ƙashin ya karye daga ɗan tsalle kaɗan. Maganin wannan shi ne ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu, ko ƙashin da aka dafa aka busar aka daka ya zama gari, ko ɓawon ƙwai da aka tafasa aka niƙa, kaɗan ba da yawa ba, domin kalsiyam ɗin da ya wuce kima shi ma yana ɓata gaɓoɓin ƙaramin kare. Hanta mai yawa kullum ita ma tana cutarwa saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

An daɗe ana zaton yawan furotin ne ke lalata ƙafafun manyan karnuka, har sai da masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka buga sakamakon gwajinsu a 1991, inda suka raba kwiyakwiyan wani babban nau'in kare gida uku, suka ba su abinci mai furotin kimanin kashi 15 da 23 da 32 cikin ɗari. Ba su ga bambanci a ginin ƙashi tsakanin rukunonin ba, sai dai waɗanda suka samu mafi ƙaranci sun nuna alamar cewa abincin ya yi musu kaɗan. Abin da ke ɓata ƙashi shi ne ƙiba da saurin girma da rashin daidaiton ma'adanai. Wannan ya shafi masu sayen karnukan ƙasashen waje don gadin gida a Damagaram da Kano da Maraɗi, waɗanda suka fi karen gida bukatar a auna musu abinci da kyau.

Masu raba kwikwiyo da abincinsa

Ko an gyara abinci, tsutsar ciki tana iya cinye amfaninsa. Akwai doguwar tsutsa da ke shiga kwikwiyo tun yana cikin mahaifa, akwai kuma ƙarama mai ƙugiya da ke bi ta nono ta manne a hanji tana shan jini, har dasashinsa ya yi fari fat. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a fara ba da maganin tsutsa daga mako na biyu, a riƙa maimaitawa kowane mako biyu har zuwa wata biyu ko uku, a haɗa da uwar, kuma ma'aikatan kiwo na gunduma ne suka fi cancanta su faɗi irin maganin da adadinsa gwargwadon nauyi. Kaska da ƙuma su ma jini suke sha, jini kuwa furotin ne. Allurar haukan kare ana yin ta daga wata uku, kuma ba abin wasa ba ce, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, mafi yawa a Afirka da Asiya. Karen da ya ƙoshi a gida ya fi zama a gida, garkuwarsa ta fi karɓar allura, kuma bai cika yawon juji da mushe ba inda yake gamuwa da karnukan da ba su da mai su.

Dole ne a dafa kayan ciki kafin a ba kare. Huhu ko hantar da aka ga ƙullutu mai ruwa a jikinta, wadda mahauta da masu layya kan yanke su jefa wa karnuka, tana ɗauke da 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita ta bayan gidansa ya koma kan ciyawa da hannun yara, ya haifar da irin wannan ƙullutu a hantar tumaki da raƙuma da mutane. Haka kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, ba a ba kare shi ɗanye. Irin waɗannan sai a ƙona ko a binne da zurfi. Gyada da ƙuliƙulin da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar tunkuzar gyada, kuma hantar kare ba ta jure mata. Albasa da tafarnuwa suna farfasa ƙwayoyin jinin kare, don haka gara a ɗebar masa tuwonsa gaya kafin a zuba miya. Goro da cakulan guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji.

Yaro da kwikwiyo a gida ɗaya

Ba za a yi maganar ƙwai da kifi a wannan yanki ba tare da tuna cewa a shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yara, kuma kowace damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro ya yi yawa, sashen yara na asibitin garin yakan cika. A gidan da ƙwai ɗaya ne, na yaro ne, babu jayayya a kan haka. Shi ya sa abin da ya fi dacewa da kwikwiyo shi ne abin da ba ya cikin rabon yara, wato sharar teburin mahauci, da ɓarɓashin kifi, da ɓawon ƙwai, da ruwan da aka tafasa nama, da kayan cikin abin da aka farauto bayan an dafa su, da guntayen layya da za a iya shanyawa ba gishiri ba yaji a ajiye don watannin gaba. Ilimin da ke gyara tuwon kwikwiyo kuma shi ne dai ke gyara kunun yaye, domin dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sa wake da gyada da garin kifi a kunun yaro shi ne dalilin da ya sa gero kaɗai bai isa wa ƙaramin kare ba.

Abin da ya rage shi ne lissafi tun kafin a karɓi kwikwiyo. Musulunci ya ɗora wa mai dabba nauyin ci da shanta, kuma hadisai sanannu sun ambaci gafarar da aka yi wa wanda ya shayar da kare mai ƙishi, da azabar wadda ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba. Gidan da zai iya riƙe kare ɗaya da kyau ya fi gidan da ya tara uku suna yawo da haƙarƙari a waje, kuma wanda ya ga ba zai iya ba, barin kwikwiyon wurin uwarsa ko wurin mai hali ya fi masa alheri. Mafarauci da ke son karen da zai cim ma zomo a fako cikin rani mai zuwa, da makiyayi da ke son wanda zai tsaya wa dila da ɓarawo a bakin garke, suna yanke wannan hukunci ne a watanni shida na farko, da ɗan garin kifi a tafin hannu da dafaffen wake a cikin tuwo. Magabata da suka ce ba a kiwon kare ranar farauta sun riga sun faɗi lokacin, abin da masu bincike suka ƙara shi ne adadin da za a zuba a kasko.